Jeren Lalla Zuhura

Kwana goma sha ɗaya na yi a Kazabalanka kafin in yarda cewa aikin da aka kawo ni yi babu shi. Hajiyar da ta haɗa mini tafiyar daga Maraɗi ta ce ƙasar Maroko masu gyaran ɗaki take nema ruwa a jallo, masu dekorasiyon in ji ta, kuma irina da hannunta ya faɗa sai dai ta zaɓi gidan da take so. Na yarda da ita don rabin maganarta gaskiya ce. Shekara goma sha biyar ina jere. Daga Dakoro har Kornaka, in za a kai amarya ni ake aiko wa babur tun ana jajibiri. Na san mazaunin kwalla, na san na samira, na san yadda ake ɗora tasoshi su hau juna har su kusa taɓo rufi, manya a ƙasa ƙanana a sama. Ko kayan yarinya ba su kai ba, ina da dabarar da zan baza su ɗaki ya cika ido, uwarta ta fita kunyar ƴan ganin ɗaki. Barira ne sunana, amma har yaran da aka haifa a gabana Mai Jere suke ce mini.

Mijina ya rasu, damina biyu ta yi mana rowa, amare kuma suka koma sayen bufe na gilashi wanda kafinta ke zuwa ya kafa da kansa. Sai na sayar da awakina, na sayar da nawa jeren da Inna ta tara mini tun ban san kaina ba, na bar mata ɗiyata Nana, na hau jirgi. Wadda ta sayar da kwanon cinta ta yi guzuri ba ta da fuskar komawa gida hannu rabbana.

Wani mutum ya tarye ni a filin jirgi da sunana a jikin takarda, ya kai ni wani bene hawa biyar, ya miƙa ni ga wata mata kamar saƙo, ya juya. Matar ta dube ni sama da ƙasa ta miƙo mini bokiti da tsumma. Na ce mata dekorasiyon. Ta nuna mini ƙasa. Dekorasiyon ɗin ke nan, guga da wanki da wanke-wanke da kashin yara uku, in kwana a madafa a kan bargo. Na kira lambar Hajiya har yatsana ya gaji, wata murya na ta gaya mini da Faransanci cewa lambar ba ta aiki. Rana ta goma sha ɗaya na yi wa matar maganar albashi, ta ce ai tuni aka sallami wanda ya kawo ni. Ban yi mata musu ba. Allah ya taimake ni fasfona bai taɓa barin lalitar da ke ƙuguna ba, duk da sau biyu tana cewa in kawo ta adana mini. Da ta fita kai yara lekol, wato makaranta, na ɗauki balis ɗina, akwatin kayana, na sauko, ban san gabas ba ban san yamma ba.

Wuni na yi ina tafiya. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka duk inda na ga baƙar fata sai in bi bayanta daga nesa, har na faɗa wata tsohuwar kasuwa mai lunguna inda mutanenmu na ƙasashen kudu ke sayar da man kaɗe da gashin kitso. Ina tsaye jikin bango, yunwa ta sa idona na ganin bibbiyu, sai na ji wata na faɗa a waya.

"Na ce maka kar ka saida tunkiyar nan! Kai wane irin kunnen ƙashi gare ka? To Allah shi isa tsakanina da kai!"

Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Na ajiye balis na fashe da kuka a tsakiyar mutane. Matar ta kashe waya ta zuba mini ido.

"Ke baiwar Allah, lahiya? Hausa kike ji?"

"Daga Dakoro nike," na ce.

"Dakoro! Ni ɗiyar Ɗan Gulbi ce. Wa ya kawo ki? Kar ki hwaɗa mini, na sani, Hajiya ce. Kullum Hajiya ce. Share hawayenki, ɗauko kayanki mu tahi."

Zali ke nan, mai kitso, shekararta huɗu a garin. Ta saya mini burodi da miyar wake, ta tsaya a kaina har na cinye, sannan ta kai ni ɗakin da suke haya su shida, matan ƙasashe huɗu. Ta matsa mini rabin katifarta. Washegari ta karɓi fasfona ta buɗe, ta sa farce a kan tambarin da aka buga mini ranar da na sauka.

"Kin ga wannan? Wata ukku ne, ba ƙari. In ya cika ba ki da kontira, takardar aiki ta wanda kike ma aiki, kin zama naman dawa. Ni shekara biyu na yi ina tahiya ina waige. Sau guda ƴan sanda sunka sa ni mota sunka zubar can wani gari da ban san sunanshi ba, da sati ukku na dawo. Ki nemi wanda za shi sa miki hannu a takarda, Barira. Ba abinci za ki nema ba, hannu za ki nema."

Daga ranar na koma mai ƙirga kwanaki. Na bi shaguna, na bi gidajen abinci, na tsaya a bakin titi inda mata ke jiran a ɗauke su aikin wuni. Aikin wuni ana samu, hannu a takarda ne babu mai sa wa. Ruwan sanyi ya sauka, irin wanda ba ya tsiro da komai sai tari. Ɗakinmu bangonsa na gumi, zanena ba ya bushewa. Inna kan turo mini murya ta wayar maƙwabta: "Barira, lahiya lau muke, kar ki sa komi a ranki. Nana ta ce ki sawo mata sak, jakar lekol mai ja. An yi bikin ɗiyar Malam Idi, jeren bai yi ba ko kaɗan, kowa na cewa ina Mai Jere." Sai in saurara sau goma, in je gaban wani shagon kayan ɗaki in ɗauki hoto ta gilashi in tura mata, in ce aikina ne. Ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba sai a garin nan, kuma na ji kunyar kaina.

Saura kwana arba'in wata mai zuwa kitso wurin Zali ta ce uwar ɗakinta na neman mace mai ƙarfi. Haka na haɗu da Madam Nadiya, siririyar mace mai sauri, makullai sun fi ashirin a hannunta. Ta gan ni ne a wani sito da ta cika da kaya, kuma duk kayan kamar an wanke musu launi: kujeru farare, darduma ruwan toka, fitilu, furannin roba. Har da littattafan da ta saya don launin bayansu kawai, da gadon da in ka ɗaga zanensa kwalaye ne a ƙasa. Ta tambaye ni aikin da na iya.

"Dekorasiyon," na ce, har da ɗaga kai.

Ta yi dariya. "Ni ba dekorasiyon nake yi ba. Gidajen da za a sayar nake shiryawa."

Ta yi dogon bayani da Faransancinta mai gudu. Nawa Faransancin a aji shida ya tsaya, cikin kalma uku ɗaya nake kamawa, amma na yi ta cewa wi madam. A raina na ce gyaran ɗaki ai gyaran ɗaki ne, wa za a koya wa? Abin da na ji sarai shi ne ƙarshen maganar: za ta gwada ni, in ta gamsu za ta yi mini kontira.

Kwana shida ina ɗaukar kaya ina goge gilashi. A na bakwai ta kai ni wani gida da masu shi suka yi ƙaura zuwa Turai, kayansu na ɗaure cikin kwalaye a ƙaramin ɗaki ana jiran mota. Ta sa aka ajiye kujera ɗaya doguwa, tebur, da tulun fure guda. Aka kira ta a waya, ta ce mini in share in kintsa, masu saye za su zo da la'asar, ta fita a guje.

Na tsaya a tsakiyar salon ɗin, wato falo, na duba. Wallahi sai ka ce gidan da ɓarayi suka kwana. Bango tsirara, taga tsirara, tebur da fure ɗaya kamar maraya. Na ce baiwar Allah nan lokaci ne ya ƙure mata, in baƙi suka tarar da wuri haka ai ta ji kunya, yau zan nuna mata wadda ta ɗauka aiki. Na buɗe kwalayen mutane. Me zan gani? Farantai masu bakin zinariya, butocin shayi, manyan tire na azurfa, mayafan tebur masu aiki, hotuna cikin firam. Abin nema ya samu. Na jawo kantoci biyu daga ɗakin kwana na haɗa, na tayar da jere tun daga ƙasa har sama. Na mayar da labulaye masu nauyi ruwan jini. Na rataye hotunan biki da na kakanni. Na shimfiɗa darduma uku, wata kan wata. A ƙarshe na kwance ƙullin turaren wutar da na taho da shi daga gida, ɗan ragowar da nake shinshinawa in kewa ta taso, na turara ko'ina. Awa biyar ban zauna ba. Da na ja da baya na duba, na ce ko ɗiyar sarkin shanu aka kawo nan ba za a raina ta ba.

Da la'asar Madam ta buɗe ƙofa, miji da mata matasa na bayanta. Ta yi turus. Matar ta yi atishawa sau uku, ta ce salon ɗin ƙarami ne, ga duhu, a hoto ya fi haka girma. Mijin ya tsaya gaban hoton auren wani yana kallo, ya ce ba an ce babu kowa a gidan ba? Ko ɗakin kwana ba su leƙa ba. Suka yi godiya suka sauka.

Na zaci duka za ta kai mini. Sai ta zauna a hannun kujera ta dafe kai, sannan ta yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, tana haɗawa da hannu don in gane.

"Wa kika yi wa wannan adon?"

"Gidan, Madam."

"A'a. Mai gidan kika yi wa, kuma mai gidan ya tafi. Mai dekorasiyon tana zama da mai gida ta tambaye shi launin da yake so, inda hoton uwarsa zai zauna, ta yi masa abin da zai ji daɗin zama cikinsa shekara ashirin. Ni ba na tambayar mai gida komai. Aikina in fitar da shi daga gidan, wanda ya shigo ya ga kansa a ciki. Yarinyar nan ciki gare ta, kin lura? Ta shigo tana neman inda za ta sa gadon jariri, sai ta tarar da kakar wani a bango."

Bakina bai mutu ba, don ba ya mutuwa da wuri. Na ce mata a garinmu bango tsirara abin kunya ne, mata kan zo ganin ɗaki su ƙirga kwanuka su san ɗiyar wane ce aka kawo.

"Su, amarya suka zo gani," in ji ta. "Waɗannan ba su zo ganin kowa ba, wuri suka zo aunawa. Kowane faranti da kika ɗora ya ci musu taku ɗaya. Mayar da kayan mutane yadda kika same su, ki ajiye mini makulli. Gobe kar ki zo."

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Ni da ko gaban dangin mijina ban taɓa durƙusawa roƙo ba, na riƙe gefen rigar matar da na girma, na fito da fasfo na nuna mata tambarin. Na ce saura kwana talatin da uku. Na ce ina da ɗiya, na sayar da komai, ba ni da inda zan koma. Faransancin ya ƙare mini na ci gaba da Hausa. Ta janye rigarta, ta dubi jeren nan ta daɗe tana dubansa.

"Hannunki yana da tsabta," ta ce. "Ko ɗaya bai karkace ba. Ki zo gobe. Amma ko cokali kika motsa ban ce ba, shi ke nan."

Haka na koma ɗaliba da girmana. Na koyi cewa abu uku ake ɗorawa a tebur, ba a ƙarawa. Labule fari ne, kuma a buɗe yake kwana. Madubi yana fuskantar taga don ya ninka haske. Kujera ƙarama ake sa wa ƙaramin ɗaki ya yi kamar babba. Hoto, carbi, takalman bakin ƙofa, kalandar bango, duk abin da zai ce wane ya zauna nan, a kwali. Har ƙamshi ba a bari, sai a buɗe tagogi wuni guda gidan ya manta girkin masu shi. Gida huɗu muka yi haka, biyu suka sayu. Idona ya fara ganewa, zuciyata ce ba ta gane ba. Madam ba ta sake tayar da maganar kontira ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Saura kwana tara Madam ta kai ni gidan Lalla Zuhura, don can Lalla ake ce wa babbar mace. Tsohuwa ce ƴar ƙarama cikin fararen kaya, don can fari mata ke sawa in suna takaba. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta biyu da ke Faransa suka yanke a sayar da gidan ta koma wurinsu. Shekara arba'in da wani abu tana cikinsa. A kan matakala Madam ta tsayar da ni.

"Zan yi tafiyar kwana uku. Masu fenti da masu ɗaukar kaya za su bi umarninki. Ranar Alhamis zan zo da masu saye. In na shigo na ji tsohuwar nan a jikin bango, babu takarda. In ban ji ta ba, a ranar zan sa hannu."

Na ce to. Na shiga salon, sai ƙafata ta tsaya. Bango guda cur katako ne mai kantoci, tun daga ƙasa har rufi, cike da jere. Manyan tire a ƙasa, farantai shuɗɗa a tsakiya kowane ya jingina da ɗan'uwansa, butoci bakinsu duk ya kalli gefe ɗaya, ƴan kofunan shayi a can sama. Manya a ƙasa, ƙanana a sama. Babu ƙura ko ta shafawa. Ban taɓa zaton zan ƙetare hamada in tarar da hannu irin nawa ba.

Lalla Zuhura ta ga inda idona ya tsaya, fuskarta ta washe. Ta kama hannuna ta ja ni. Ba na jin Larabcinta, ba ta jin Hausata, Faransanci kuma ba ta da shi, amma ta gaya mini komai. Wannan tiren na uwarta ne. Wannan butar daga Makka. Wannan farantin da aka ɗinke da waya babban ɗanta ne ya fasa, ta nuna tsawonsa a lokacin, daidai gwiwa. Na gyara mata wani kofi da ya ɗan juya baya, ta tafa hannu ta yi dariya, ta ce binti, wato ɗiyata. Ta zaunar da ni ta dafa shayi, ta tura mini burodi da zuma, ta yi ta cewa in ci.

Washegari, ranar farko ta aikin, ban yi abin kirki ba. In na naɗe faranti a jarida na sa a kwali, kafin in juyo ta kwance wani ta mayar mazauninsa. Ba faɗa, ba kuka, murmushi ma take yi, kamar ni ce yarinyar da ba ta san wurin kaya ba. Masu fenti suka zauna a matakala har azahar suka tafi. Na fita baranda na kira Zali.

"Ba ni iyawa, Zali. Jere ne irin namu. Tsohuwar kamar Inna."

"Inna tana Dakoro tana jiran ki," in ji ta. "Ke kika saida gidan? Ɗiyanta sunka saida. In ba ki kwance ba wata za ta kwance, ta hwasa rabi. Kwana nawa ya rage miki?"

"Takwas."

"To tausai ba shi buga tambari. Ruhe ido ki yi aikinki."

Na kira Madam, Madam ta kira babban ɗan, ɗan ya kira wata maƙwabciya. Aka shirya za ta ɗauki tsohuwar zuwa gidan ƴar'uwarta ta yi kwana biyu, a ce mata fenti kawai za a yi, warin zai dame ta. Da safe tsohuwar ta fito da ƴar jakarta. Ta zo wurina, ta nuna kwalaye ta girgiza yatsa. Na ɗauki tsumma na nuna mata goge-goge kawai zan yi. Sai ta kama hannuna na dama ta ɗora a kan katakon jeren, ta danne da nata, ta kalle ni cikin ido.

"Amana, binti."

Wannan kalmar ba ta bukatar tafinta. Na gyaɗa kai. Na gyaɗa mata kai ina sane, kuma har yau in na tuna sai in ji wuyana ya yi nauyi.

Tun ƙarar takalminta bai gama sauka ba na fara daga sama. Ban bar masu ɗaukar kaya sun taɓa ko kofi ɗaya ba, ni na naɗe kowane da hannuna, kanta bayan kanta, na sa su a kwali bisa tsarin da ta jera su, ko da na san ɗakin da za a ba ta a Faransa ba shi da bangon da zai ɗauke su. Aka kwance katakon aka fitar. Aka sauke hoton mijinta da agogon da ya tsaya. A jikin ƙofar madafa akwai zane-zanen fensir inda ta riƙa auna tsawon ƴaƴanta, mai fenti ya dube ni, na ce ya shafe. Na buɗe tagogi ƙamshin na'ana'a da man zaitun ya fita. Na shigo da farar kujera, darduma ruwan toka, madubi. Na ɗora abu uku a tebur. Ina yi ina kuka, amma hannuna bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis da hantsi Madam ta zo ita kaɗai tukuna. Ta zaga ɗaki-ɗaki, ta buɗe kantocin madafa, ta tsaya tsakiyar salon ta ja numfashi ta hanci. Sai ta ɗan dafa kafaɗata. Masu saye suka iso, wani likita da matarsa. Matar ta ce kai, ga haske, ga fili. Ta tsaya daidai inda jeren yake a da, ta ware hannuwa, ta ce nan talabijin zai zauna. Suka yi ƙus-ƙus a baranda, suka dawo suka ce suna so. Da suka sauka Madam ta zaro takarda daga jakarta, ta shimfiɗa a kan dakalin madafa ta sa hannu, ta miƙo mini biro. Ba zan yi ƙarya ba, na yi murna. Na ninke takardar na tura cikin rigata.

A lokacin muka ji motsi a bakin ƙofa, don a buɗe aka bar ta. Lalla Zuhura ce, maƙwabciyar na bayanta tana haki, tana bai wa Madam haƙuri wai tsohuwar ta ƙi zama, tun asuba ta ɗaure jakarta. Sai gobe ya kamata ta dawo, bayan ɗanta ya sauka.

Tsohuwar ta tsaya a dokin ƙofa. Ta leƙo ciki. Ta ja baya ta ɗaga kai ta dubi lambar da ke saman ƙofar, ta sake leƙowa. Sannan ta yi sallama, ta tsaya tana jira.

Babu wanda ya motsa. Madam ta kalle ni. Ni na amsa.

Ta cire takalmanta ta jera su a waje. Ta shigo tana bin gefen dardumar don kar ta taka, ta zauna a bakin farar kujerar nan, ta ɗora hannuwa a gwiwa, jakarta a cinya. Ta dubi farin bangon ta daɗe. Na jira ta tambaye ni, na jira ta nuna ni da yatsa, da ta tashi ta mare ni da na gode mata. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na rasa inda zan sa kaina, sai na shiga madafa na ɗauko ɗaya daga kofunan Madam na ado da ba a taɓa shan komai a ciki ba, na zubo ruwa, na durƙusa na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla ta sha, ta miƙo mini kofin. Ta yi wata ƴar magana a hankali, tana ɗan sunkuyar da kai.

"Me ta ce?" na tambayi Madam.

Madam ta juya fuska wajen taga kafin ta amsa.

"Ta ce gidanku ya yi kyau, Allah ya sa albarka."

Na ce amin, don ba a barin addu'a a ƙasa.